Na Saya Tukuna, Na Tambaya Daga Baya

Ina da wani ciwo da ban taɓa kai wa likita ba: kunnena ya fi idona saurin yarda. In aka raɗa mini magana a majalisa, musamman in mai raɗar ya fara da "kar ka gaya wa kowa", to an gama da ni. In kuwa takarda aka miƙo mini aka ce karanta, nan take hamma za ta zo.

A kasuwar raguna ba haka nake ba. Sai na buɗe bakin rago na duba haƙora, na danna gadon baya, na yi kamar zan tafi har dillali ya riƙo mini riga. Amma a 2007, lokacin da bankuna ke rige-rigen sayar da hannun jari bayan sun tsallake sharaɗin jarin naira biliyan 25 na zamanin gwamnan Babban Banki Soludo, a tsaye na cike fom na zuba kuɗin adashena. Binciken da na yi bai wuce wannan ba: ginin bankin sabo ne, cikinsa da sanyi, kuma maƙwabcina ya saya. Daga Maris na 2008 kasuwa ta fara gangara, cikin shekara guda ta zubar da fiye da kashi biyu cikin uku na darajarta. A Agustan 2009 sabon gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar. Ni, mai hannun jari guda, a rediyo na ji, ina shan koko.

Ba wai an ɓoye mini komai ba. Duk shekara ana aiko mini da rahoton kamfani, littafi guda mai ƙyalli. Nakan buɗe shafin hotunan daraktoci, na ga masu manyan riguna, hankalina ya kwanta. Sauran kuwa uwargida ta gano bangonsa na da kauri, yana da daɗin fifita gawayi.

Da an ce mutum ya daddara. Ina! Sai na koma wa hannayen jari masu araha. Na samu wani kamfani da hannunsa ke kwabo 50, kuma aka tabbatar mini dokar kasuwa ba ta barin farashi ya sauka ƙasa da haka. Gaskiya ne. Abin da ba a gaya mini ba, ni ma ban tambaya ba, shi ne babu mai saye a wannan farashin. Na zauna da kayana shekara da shekaru ina alfaharin ban yi asara ba, har 2018 da aka janye dokar, farashin ya sulale zuwa inda ya daɗe yana son zuwa.

'Yar ƙanwata mai karatun akanta ce ta ƙarasa ni, cikin ladabi, wanda ya fi zafi. Ta ce, "Kawu, me kamfanin nan yake sayarwa?" Na gyara hula. Na ce inshora nake zato. Ta sunkuyar da kai, ta buɗe wayarta. Ashe duk kamfanin da ke kasuwar hannun jari ta NGX dole ne ya fitar da lissafinsa duk wata uku, da na shekara wanda masu binciken kuɗi suka sa wa hannu, kuma kyauta ake karantawa. Ta ce kar in tsaya a shekara ɗaya, in jera biyar: ciniki na ƙaruwa ko raguwa? Ribar da aka rubuta ta shigo hannu, ko tana wurin masu bashi? Bashin da ke kan kamfanin nawa ne? Yana raba wa masu hannu riba a kai a kai?

Sannan ta rushe mini araha. Ta ce hannun naira 100 da ke samar da ribar naira 20 a shekara, cikin shekara biyar ya mayar da kuɗinsa. Na kwabo 50 da ba ya samar da komai kuwa, "Kawu, sai yaushe?" Na ce Allah ne masani. Ta ce haka ne.

Ta ƙara da wadda ta fi ba ni kunya. Ni da ke tsare mai nama da tambayar wa ya yanka, ban taɓa tambayar ta ina ribar kamfanonina ke fitowa ba. Ta nuna mini NGX Lotus Islamic Index, jerin kamfanonin da aka tace bisa sharuɗɗan Shari'a. Ta kuma ce in riƙa duba ko dillalina na da rajista da hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar, in tabbatar hannayena na cikin asusuna na CSCS, ma'ajiyar hannayen jari, da sunana. Na ce ai na sani. Ban sani ba.

A cikin tarkacen akwai kamfani ɗaya nagari, wanda na saya bisa kuskure, kuma ya daɗe yana raba riba ban karɓa ba, don takardun biyan sun tsufa a durowa. Na je cike fom ɗin da zai sa a riƙa turo kuɗin kai tsaye asusun banki. A kan benci na tarar da 'yan'uwana: tsohon hedimasta, wani alhaji mai shago a kasuwar Kwari, wata hajiya da takardun shaida a cikin leda. Mutane ne da ba a cutarsu a cinikin shadda ko na fili. Na tambayi hedimasta me kamfaninsa ke yi. Ya ce, "Malam, ai da kai na zo in tambaya."

Da layi ya zo kaina, ma'aikacin ya dubi fom, ya dubi kwamfuta, ya ce sa hannuna bai yi daidai da na 2007 ba, in je in tuno yadda na yi shi in dawo.