Masu Toshe Kunne

A wajen masu sayar da kayan waya, tun daga Gammo da Garo har cikin Kabo da Gwarzo, caja ba ta da rigima. A jona ta, in ta kawo wuta mutum ya biya ya kama gabansa. Batir ma haka. Rigimar tana wajen iyafis. 'Yar igiya ce da ba ta wuce kamu biyu da ɗan ɗori ba, amma sai magidanci ya tsaya a kanta fiye da yadda zai tsaya a cinikin ragon layya: ya juya, ya ja, ya sa a kunne, ya lumshe ido, ya cire, ya ce a miƙo masa wancan na sama. Kowa cewa yake sauti mai kyau ya zo nema. In ka zauna a bencin shago ka zuba ido, sai ka tarar kowa da ciwon da ya kawo shi.

Wanda ya fi wahalar da mai kaya shi ne Sarkin Duma. Saurayi ne, kuma ba ya yarda a gwada masa da wayar shago. Da waƙarsa yake zuwa, wadda mai turi ya zuba masa a memori, ta Hamisu Breaker ko ta Ado Gwanja, ya kuma san daidai gaɓar da ganga take shigowa. Can zai kai ta, ya ƙure murya, ya ɗaga ido sama. "Oga, wannan ba ya duka. Ni wanda zan ji a ƙirji nake so." A ba shi na biyu, ya ce gwangwani ne. Na uku ya ce da dama-dama, sai dai hagu ya fi dama ƙarfi. Bai san cewa rabin duman da yake nema a 'yar robar bakin nan yake ba. In ta zauna daram ta toshe kunne, sauti mai kauri ya fito. In ta yi masa kaɗan, iska ta samu hanya, ko na dubu nawa ne sai ya zama fayau. Shi ya sa masu ɗan kyau suke zuwa da roba girma uku a kwali, shi kuwa yana buɗewa zai watsar da sauran biyun a bakin shago.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin lalata jinsu saboda irin wannan sauraro, ma'aunin da ta bayar ga baligi kuma shi ne desibel 80 na awa 40 a mako. Wanda ya ƙure murya, cikin 'yan mintoci yake cinye rabonsa na makon. Wayar da kanta takan yi masa gargaɗi in ya doshi ƙarshe, shi kuwa raini yake ɗaukar wannan gargaɗi. Ko babu komai a kunnensa za ka gane shi a majalisa: shi ne mai cewa "Na'am?" sau uku, sannan ya amsa abin da ba a tambaye shi ba.

Baba na rediyo kuwa bai taɓa sa abin nan a kunne ba, ba kuma zai sa ba. A wurinsa, ban da gashin kaza babu abin da ya halatta ya shiga kunnen mutum. Abin da ya kawo shi, ƙaramar wayarsa mai tocila ce ta ƙi kama tasha sai an soka mata igiya, domin igiyar ce eriyarta. Sai ya soka, ya mayar da magana lasifika, ya saƙale igiyar a reshen darbejiya, ya kishingiɗa yana jin Freedom Rediyo, wadda tun buɗe ta a 2003 yake musu da 'yan siyasar cikinta ba su sani ba.

"Baba, ga na zamani, bulutut ne, ba ya harɗewa."

Baba ya juya shi a tafin hannu. "To, yaro, ina wutsiyar?"

"Ai ba shi da ita, Baba."

"Ajiye wa wanda labarin duniya bai dame shi ba."

Kuma da gaskiyarsa, marar igiya ba ya zama eriya. Duk cikin masu saye, Baba ne kaɗai zai karɓi wanda kunnuwansa biyu suka mutu da farin ciki, muddin za a yi masa ragi.

Marar igiyar nan, kasuwarsa tana wajen Ɗan Ƙwalisa. Tun da Apple ya fitar da iPhone 7 a 2016 babu ramin iyafis, ya kuma biyo da fararen AirPods, masana'antun ƙasar Sin suka cika duniya da masu kama da su, daga kasuwar waya ta Farm Centre da titin Beirut a Kano kuma suke gangarowa ƙauyuka. Ɗan Ƙwalisa fari yake so, fari ƙal, wanda za a hango daga nesa ranar ɗaurin aure. Ko yana yi ko ba ya yi, wannan zance ne na baya. To abin yana cin caji, gidansa yana cin caji, wayar ma tana ci, ga wuta sai ta ga dama, ga mai shagon caji ba ya yin kyauta. Don haka yawancin ranaku a mace yake a kunnensa. Duk gulmarsa da ake yi yana ji, yana gyaɗa kai wai kiɗa yake bi. Ƙarshensa kuwa sananne ne. Wata rana zai sunkuya alwala ya manta bai cire ba, guda ya faɗa kwata. Daga ranar sai ya koma sa ɗaya, yana cewa ai yanzu haka ake yayi.

Ɗan'uwansa na jini shi ne mai ƙaton hedifon irin na situdiyo, wanda a tsakiyar zafin Afrilu za ka ga gumi na bin ƙeyarsa. Yana da waƙa ɗaya da bai gama ba tun bara. Ba shi ya fara ba: tun da Sony ya fito da Walkman a 1979, kusan kowane gari ya yi saurayin da ya dawo daga Legas da soso biyu a kunne yana kallon mutane sama-sama. Wasunsu yanzu su ne dattawan da ke faɗan yaran zamani.

A ƙarshen benci akwai Masani. Sau ɗaya ya taɓa raka wani Farm Centre, tun daga nan ya zama alƙali. Ba ya saye, ba a kuma neman shawararsa. Kana ɗauka zai miƙo hannu, ya auna nauyi, ya shinshina kwali. "Jabu ne. Oraimo na gaskiya ya fi haka nauyi." Cinikin da ya kashe wa mai shago ba ya ƙirguwa, ga shi abokin yayansa ne, ba dama a kore shi.

Ni dai wanda nake girmamawa shi ne Injiniya. Mai igiya kusan kullum a wuri guda yake mutuwa, wato gindin da ake sokawa a waya, inda aljihu yake lanƙwasa shi har siraran wayoyin ciki su tsinke. Kunne ɗaya ne yake fara ɗaukewa. Wani sai ya haƙura ya sayi sabo. Injiniya kuwa ya gano cewa in ya karya igiyar gefen hagu ya danne da babban yatsa, duka biyun suna dawowa. Haka zai kalli fim ɗin Indiya-Hausa na awa uku, yatsa a danne, ko ƙuda ya sauka a hancinsa ba zai motsa ba. Daga nan sai salatif, sai zare, sai gam, sai 'yar wayar cikin biro. Abin da ya kashe a gyara ya isa ya sayi sabbi biyu, amma magana ta riga ta wuce ta kuɗi, ta koma ta wa zai ga bayan wani. Maƙiyinsa ɗaya ne a duniya, Ɗan Ara Mini, mai cewa minti biyu, ya dawo da shi bayan la'asar da dauɗar kunnensa a jiki, har yana ƙorafin cewa ba shi da duma.

Mata ba su cika tsayawa gwaji ba. Ƙani ake aika, ya sayo mafi arha, ya haɗiye canji. Sai dai hijabi ya ba su abin da maza ba su samu ba, don ba wanda ya san da wani abu a kunne. Budurwa tana wanke-wanke tana murmushi ita kaɗai, Inna ta ce, "Ke, lafiyarki kuwa?" Ashe littafin soyayya ake karanta mata, ko kuwa mutumin ne a kan layi tun magariba. Ita duma bai dame ta ba, sharaɗinta ɗaya: ya zama mai ɗaukar raɗa. Wannan ilimi a wajen yayyenta ta gada, waɗanda suka yi zamanin kiran dare na kyauta. Amarya mai wayo kuma kunne ɗaya take sawa, ɗayan na uwar miji ne.

Ustaz yana da Husari da Minshawi a memori, da tafsirin marigayi Malam Ja'afar, kuma tsakani da Allah yana saurare, da su ma yake gyara haddarsa. Sai dai can ƙasa akwai wata folda da ya sa wa suna "Lissafi". In igiya ta fizge cikin jama'a, wasu wayoyin sukan yi shiru su rufa wa mai su asiri. Wasu kuwa ba su da wannan tarbiyya.

Ɗan acaɓa mai toshe kunne biyu ba ya ba ni dariya. Tun 2013 aka hana sana'ar a cikin birnin Kano, amma a nan ita ce ƙafar jama'a, kuma titin Gwarzo titi ne na manyan motoci. Wanda ba ya jin ham ɗin tirela bai kamata a ɗora masa mace mai goyo ba.

Sai Mai Bashi a Wuya. A ƙasar da wuce mutum ba sallama laifi ne da za a kai ƙararsa har gida, wannan bawan Allah ya samo mafita. Da ya hango mai shayin da ke binsa kuɗi, sai ya soka, ya sunkuyar da kai, ya ƙara sauri. In an tare shi gobe: "Wallahi, Malam, ban ji ba, abu ne a kunnena." Shi ba ya gwaji ko kaɗan a shago. Launi kawai yake dubawa, ja ko fari, wanda mai bin bashi zai gani da idonsa. Sau da yawa ma ƙarshen igiyar a aljihu yake lilo, wayar tana wajen caji.

Duk waɗannan, komai halinsu, kunnensu kaɗai suka dama. Mai MP ne ya dami na kowa. Za ka same shi a kujerar tsakiya a motar Sharon daga Gwarzo zuwa Kano, ya ɗora 'yar lasifikarsa a cinya tana walƙiya ja da kore, ya zaɓa wa mota guda abin da za ta ji, da mai ciwon kai da mai jan carbi. Wani fasinja ya gaji, ya laluba aljihu.

"Ɗan'uwa, ga iyafis, na bar maka har abada."

"Allah ya saka da alheri, Alhaji. Ni ba a koya mini rowa ba."

Ana wuce Rimin Gado ya ƙara murya.