Yadda Za Ka Koya wa Ɗan Zomo Shiga Bayi a Garwa, In Ya Ga Dama

Tun kafin ka fita nemansa, ka tanadi amsa. A Garwa duk baƙon da ya ga zomo yana yawo a tsakar gidanka, da an gama gaisawa zai tambaya, "Alhaji, wannan na Sallah ne ko na suna?" In ka ce na sha'awa ne kawai, za a yi maka addu'ar samun sauƙi. Ka ce amin, ka ci gaba da harkarka.

Ko a kasuwar Pitowa ta ranar Lahadi ka ci karo da shi, ko wajen mai kiwo a unguwa, kada ka karɓi wanda bai kai sati takwas ba. Mai sayarwa zai damƙo shi ta kunne ya miƙo maka. Kai dai ka sa hannu ɗaya a ƙirjinsa, ɗaya a gindinsa. Kunnen nan ba mariƙi ba ne, da shi yake fitar da zafin jiki, don zomo ba ya gumi.

Ka kuma san wa ka kawo gida. Wannan ba shi ne zomon dajin da mafarauta ke bi da karnuka ba. Kakanninsa 'yan Sifaniya da Fotugal ne, a rami mai sanyi suka saba wuni. Zafi na haura digiri 30 ya fara jin jiki, kai kuwa ka kawo shi garin da a Maris da Afrilu digiri 40 ba labari ba ne. Saboda haka duk maganar shimfiɗa a nan bakin Binuwai, rabinta maganar zafi ce.

Abin da zai fara zuwa ranka auduga ce, kuma ba laifinka ba ne. Nan ne hedikwatar SODECOTON, kamfanin audugar da aka kafa a 1974, har ƙungiyar ƙwallon da garin ke alfahari da ita sunanta Coton Sport. Duk da haka ka cire kishin gari a wannan batu. Zomo ba ya bambance abin kwanciya da abin ci. Zai haɗiye audugar, shi kuma ba ya iya amai, sai ta toshe masa hanji. Tsumma mai zare ma haka, har ƙafa yana naɗe masa.

Garin katako kuwa kafinta zai ba ka buhu guda kyauta, yana murna ka share masa shago. Ƙurarsa tana shaƙe zomo, ga ta hunturu tana jiransa, kuma ba ka san fenti ko maganin garar da katakon ya sha ba. Ƙasar kashin kyanwa ta manyan kantuna, mai dunƙulewa in ta jiƙe, a cikinsa ma dunƙulewa take yi. Ka bar wa masu kyanwa kayansu.

Abin da ya dace ya fi duka araha: busasshiyar ciyawa mai tsabta wadda ba ta yi fumfuna ba, ko bambaron shinkafa irin na wajen Lagdo, da kwali ko tsohuwar jarida a ƙasa don tsotse ruwa. Harawar gyaɗa ma zai so, sai dai kafin asuba ya cinye gadon, kuma in layya ta gabato za ka shiga gasar farashi da masu raguna. In kejin da za ka sa shi mai ƙasan waya ne, ka sa masa katako a gefe guda, don waya tana cin tafin ƙafarsa.

Bayan ka gama wannan ɗawainiya, bazara na shigowa zai tsallake shimfiɗar ya je ya miƙe a kan siminti, ko a jiƙaƙƙen yashin gindin randa. Kada ka ji haushi, ya fi ka sanin jikinsa. Ka ba shi inuwa da ruwa, in akwai wuta ka daskarar da ruwa a gora ka ajiye kusa da shi.

Yanzu ga karatun bayin. Garwa ce ke da École de Faune, wadda tun 1970 take horar da jami'an gandun daji daga ƙasashen Afirka, masu kula da giwa da zaki. To, zomo ba bawan giwa ba ne, kuma nasa darasin kai kaɗai za ka yi shi. Sirrinsa shi ne ba kai ne malamin ba.

Ka tsare shi a ɗan ƙaramin wuri, ka zuba ido. Da kansa zai zaɓi kusurwa guda ya riƙa fitsari a nan. Ba za ta zama kusurwar da ka so ba. Watakila bayan ƙofa, watakila inda uwargida ke jera kwanukanta. Ka ɗauki roba mai faɗi marar zurfi, ka sa kwali a ƙasa, ciyawa a sama, ka kai ta daidai wurin da ya nuna. In ka ajiye ta inda kai ka ga ya dace, zai shiga ya yi barci a ciki, ya fito ya yi fitsarinsa a inda ya zaɓa. Mutane da yawa sun yi wannan gardama da zomo, robar ce kullum take tashi.

Ciyawar cikin robar ba ado ba ce. Zomo yana ci yana kashi a lokaci guda, abin da in yaro ya yi sai an kira malami. Shi haka aka halicce shi, don haka inda abinci yake nan zai zauna. Ka tsinci ɗan kashinsa ka zuba a robar, ka goge fitsarin da ya yi a waje da takarda ka sa ta ciki, hancinsa zai gane. Wurin da ya ɓata ka wanke da ruwan lemon tsami, yana cin farin tabon da fitsarin ke bari, yana kashe warin. Kada ka baza ciyawa ko'ina a kejin, sai ya ɗauka duk gidan bayi ne. Duka kuwa ba ya koya masa komai sai gudunka. In ya saba, ka riƙa faɗaɗa masa wuri kaɗan-kaɗan.

Fitsari zai gyaru, kashi kuwa ka rage buri. Yana zubar da ƙwaya ɗari biyu zuwa ɗari uku a rana, dole wasu su sauka a hanya. Busassu ne, tsintsiya ta isa, masu lambu kuma suna son takin. In ka gan shi ya sunkuya yana cin wani kashi mai laushi daga jikinsa, kada ka yi salati, abincinsa ne yake maimaitawa don ya tatse amfaninsa. Ranar da za ka tashi tsaye ita ce ranar da ya daina ci, robar kuma ta wuni babu komai. Wannan kada ka kwana, ka nemi likitan dabbobi.

Haƙoransa ba sa daina tsiro, saboda haka ka ɗage cajar waya, da sallaya, da littafin yara. Takardar jaka goma ma a wurinsa ganye ce.

Sai kuma ranar da ya kai wata huɗu zuwa shida ya balaga. Duk tarbiyyar nan za ta watse, ya fara feshin fitsari a bango, a tabarma, har a ƙafar baƙo, yana shata iyakar ƙasarsa. Maganinsa fiɗiya a hannun likita, ba dandaƙar gida ba. A nan ne wani dattijo zai ce maka, "Ɗana, kaɗaici ne ke damunsa, ka samo masa mata." Kafin ka bi shawarar Baba ka yi lissafi: cikinta kwana 31 ne, tana iya zubo shida ko takwas, tana kuma iya ɗaukar wani cikin washegarin haihuwa. Kowane ɗa zai girma ya zaɓi tasa kusurwar, ɗakinka kuwa huɗu gare shi.