Tsakanin 20 da 80

Duk wanda ya sayi sabuwar waya a Birnin Gwari, mutum biyu ne za su tare shi: mai cewa "Allah ya sa a mora", da mai ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Nawa mai shawarar ɗan yayata ne, ɗalibi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da ya zo hutu. Ya karɓi wayar, ya jujjuya ta, ya ce, "Kawu, in kana son batirin nan ya yi ƙarko, kada ya sauka ƙasa da 20 cikin ɗari, kada kuma ya haura 80."

Na ce mu dai a zamanin Nokia an koya mana a bar batir ya mutu murus, sannan a kwana ana caji. Ya yi mini dariyar 'yan boko, ya ce wannan shawarar gadon tsoffin batiran nikel ce. Na yanzu litiyom ne, wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, kuma abu uku ke tsufar da shi da wuri: ƙoshi fiye da kima, yunwa har ƙasa, da zafi. Ya ce kamfanin Apple ma ya faɗa cewa zafin da ya wuce digiri 35 yana yi wa batir lahanin da ba ya gyaruwa, kuma mutum uku da suka ƙirƙiro shi sun ci kyautar Nobel a 2019. Da na ji an ambaci Nobel sai na gyara zama. Daga ranar na ɗauki doka.

Sai dai wanda ya kafa dokar nan bai taɓa zuwa garinmu ba. A nan wuta sai ranar da ta ga dama, caji kuwa sai a rumfar mai janareto, inda ake liƙa wa wayarka lamba, a ba ka ɗaya ka riƙe. Jama'a kan ajiye waya su tafi harkarsu. Ni kuwa sai na nemi benci na zauna, ido a kan gilashi. Tana nuna 80 na daka tsawa, "Cire!"

Mai caji ya dube ni. "Alhaji, kuɗin cikawa fa ka biya. Sauran 20 ɗin wa ka bar wa?"

Na ce na bar wa ilimi. Kafin mako ya zagayo, yaran layin sun raɗa mini Malam Tamanin.

Da bazara ta kama sai na lura da abu na uku. Rumfar ta kwano ce, janareto yana huci a gefe, wayoyi jibge kan juna. In aka miƙo maka taka sai ka riƙa sauya hannu kamar an tsamo ƙosai daga kasko. Na yi tunani, wane wuri ne ya fi ko'ina sanyi a gidana? Randa. Na sami leda biyu, na ƙulle wayar tsaf, na saka ta a ruwa tana yawo, na mayar da faifai na rufe, na shiga ɗaki ina jin kaina injiniya.

Ashe a lokacin Inna, surukata, ta fito shan ruwa. Tana zura moɗa wani ya kira ni. Randa ta hau gurnani, wani haske ya taso daga cikin ruwa. Inna ta yi jifa da moɗa, ta zuba salati da gudun da rabonta da shi tun tana amarya. Kafin in sami takalmi, an aika yaro kiran malamin unguwa. Na zura hannu na zaro leda a gaban kowa. Malam ya dubi ledar, ya dube ni, ya ce shi dai a ganinsa ba randar ce ke buƙatar addu'a ba.

Washegari gilashin ya yi hazo ta ciki. Mai gyara ya buɗe, ya busar, ya ce sanya waya mai zafi cikin sanyi farat ɗaya raɓa yake tara mata, raɓa kuma ita ke cin ƙarfen ciki. Ya jawo wani kwali ya nuna mini batiran da suka kumbura har suka ɗaga murfi. Ya ce yawancinsu na masu kwana da waya ƙarƙashin matashi tana caji ne, da masu kallon fim da ita a jone, da masu barin ta a gaban mota cikin rana. "Inuwa kawai take so, Alhaji. Ka cire mata riga in tana caji, ka nemi caja mai kyau. Ba kifi ba ce."

Babbar magana sai da kaka ta zo. Tun da aka yi sulhu da 'yan bindiga, Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar Kara a watan Nuwamba 2024 bayan shekaru tana rufe, mutane suka fara komawa gonakin da suka daɗe da bari. Ni ma na koma tawa, can ɓangaren dajin Kamuku, don karyar masara. Na fita da sassafe da 80 cif.

Duk ɗan garin nan ya san abin da rashin sabis ke yi wa batir, tun ƙarshen 2021 da aka katse layukan waya a yankinmu saboda tsaro. Waya in ba ta jin ƙarfen sabis sosai, ƙara ƙarfi take yi tana lalubensa, batir na zuba. A gonata sanda ɗaya ce, ita ma sai ka hau suri. Kafin azahar na duba: 21. Saura ɗaya in karya doka. Na danna na kashe ta, na jefa aljihu, na ci gaba da aiki hankali kwance. Babur ɗin da zai dawo da mu ya yi faci, ba mu shigo gari ba sai bayan isha'i.

Daga nesa na hango tabarmi a ƙofar gidana, dattawa zaune jugum. Gabana ya faɗi, na ce wa ya rasu? Wani yaro ya hango ni ya ƙwala ihu, "Ga shi nan! Sun sako shi!"

A garinmu, mutum ya tafi bakin daji a kira wayarsa a ji ta a kashe tun rana, ba a fassara shi da lafiyar batir. Uwargida ta kira har ta gaji. Inna ta yi kuka har muryarta ta dushe. Yayana kuwa, da yake mutum ne mai hangen nesa, ya ce ba a jiran a bugo kafin a fara haɗa kuɗi. Tuni ya nemo dillali, ya yi cinikin bijimin da nake kiwo, ya karɓi kafin alƙalami, har an taɓa kuɗin an sayi kati da man babura da abin sadaka.

"Ina ka shiga?" in ji Yaya, yana shafa kafaɗata ko akwai rauni.

Na ce, "Yaya, batir ne ya kai 21."

Aka yi shiru. Liman ya miƙe ya kaɗe rigarsa, ya ce alhamdu lillahi, sai da safe. Uwargida ba ta ce uffan ba sai da kowa ya watse, sannan ta kafa tata dokar: "Malam, daga yau ko 1 ya kai, a kunne za ta mutu. Batir ana sayar da shi a kasuwa."

Da gari ya waye dillali ya iso da igiya. Sai da aka kai ruwa rana, na sayar da buhunan masara na mayar masa da kuɗinsa har da na ban haƙuri. Da na yi lissafi, abin da ya fita ya isa a sauya wa duk gidanmu batir, har da tocilan ɗin Inna.

Ana cikin haka ɗan yayata ya bugo daga Zariya. "Kawu, na manta ban nuna maka ba. Irin wayarka akwai wurin da ake dannawa, ta riƙa tsayawa a 80 da kanta, ba sai ka zauna gadi ba."

Na ce madalla, Allah ya ƙara basira. Na ce in an yi hutu ya zo da wuri, Yaya da Inna da dillali duk suna son ganinsa.