Mutanen da fenti ya tona wa asiri

Ana cewa zane da fenti yana kwantar da hankali, kuma ba sai mutum ya iya ba. Maganar tana da tushe. A 2016 masu bincike a Jami'ar Drexel da ke Amurka sun ba mutum 39 kayan zane da na ƙira, suka bar su minti 45, sannan suka auna kotisol a yawunsu, wato sinadarin da ke ƙaruwa a jiki idan mutum na cikin damuwa. Ya ragu a jikin kusan kashi 75 cikin ɗari, kuma gwani bai fi ɗan koyo samun sauƙi ba. Sai dai kowa da halinsa yake zuwa gaban takarda, kuma hali zanen dutse ne.

Akwai Sarkin Sayayya. Ran da ya yanke shawarar fara zane, ran nan ya sayi fentin mai, fentin ruwa, akirilik, burushi kala-kala, har da abin jingina allo mai ƙafa uku. Watanni sun wuce ba a buɗe ko murfi ɗaya ba. In ka tambaye shi, sai ya ce, "Wallahi akwai wani siririn burushi da nake jira, da ya iso shi ke nan." Alhali ja, shuɗi, rawaya da fari, da burushi biyu da kofin ruwa, sun ishi mai farawa. Shi dai a kanti yake samun natsuwarsa, mai kantin ma haka.

Na kusa da shi ya buɗe kayan, amma farar takarda ta fi ƙarfinsa. Ya ɗaga burushi ya sauke, ya gyara zama, ya tashi ya sha ruwa. Wannan ba na yi masa dariya sosai, domin cutar ta taɓa kama manya. Winston Churchill ya fara zane a 1915 yana da shekara 40, bayan an sauke shi daga shugabancin ma'aikatar sojan ruwan Birtaniya saboda asarar da aka tafka a yaƙin Dardanelles. Shi da kansa ya ba da labarin yadda ya tsaya gaban farin ƙyalle, da ƙyar ya ɗiga ɗan shuɗi guda, sai ga matar mai zane John Lavery ta iso, ta karɓi babban burushi ta shiga lafta fenti ba ko tausayi. Daga nan tsoron ya tafi, kuma kafin ya mutu ya zana hotuna sama da 500. Namu mai tsoron bai sami mai ƙwace masa burushi ba tukuna. Matarsa dai ta ce in bai gama da teburin ba, za ta jera abinci a kai.

Sai almajiran Bob Ross, Ba'amurken nan mai tulin gashi da murya mai taushi, wanda ya yi shekara 20 a sojan sama kafin ya gabatar da shirin zane a talabijin daga 1983 zuwa 1994. A ƙasa da rabin awa zai fito da dutse mai ƙanƙara, tafki da itatuwa, yana ta lallashin mai kallo cewa kuskure ba abin tsoro ba ne. Almajiransa kashi biyu ne. Kashi na farko barci ke kwashe su kafin ya gama sararin sama, kuma ni a ganina su suka ci ribar shirin. Kashi na biyu suna riƙe da waya a hannun hagu, burushi a dama, suna tsayar da bidiyon bayan kowane motsi. Ba wanda ya gaya musu cewa Ross fentin mai yake ɗorawa a kan jiƙaƙƙen fenti, wanda kan yi kwanaki bai bushe ba, su kuwa akirilik suka saya, a tsakiyar hunturu, ya bushe tun suna neman inda suka tsaya. Ba kuma wanda ya gaya musu cewa yakan zana hoton sau uku, kuma na farkon yana ajiye a gefe inda kyamara ba ta gani, yana leƙawa. Sai ka tarar da bawan Allah yana gumi a kan dusar ƙanƙarar Alaska.

Mai neman yabo aikinta ɗaya. Ta miƙo maka zanen tana cewa, "Yaya, bai yi kyau ba ko? Faɗi gaskiya." Kada ka kuskura ka faɗa.

Mai fassara ya fi ta dabara. Doki ya ɗauko, da ƙafafun suka ƙi daidaita ya mai da shi raƙumi, da wuyan ya ƙi sai ya shafe komai ya ce zane ne na masu zurfin tunani, ai haka Picasso yake yi. Picasson da yake kafa hujja da shi, yana ɗan shekara 15 ya zana likita da majinyaciya a kan gado kamar ka kira su su amsa. Sai da ya iya ƙafar doki sannan ya karya ta.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne ɗan kasuwa. Ya zo ne don ya huta daga lissafi. Zanensa na uku bai gama bushewa ba ya buɗe shafi a Instagram, ya sa farashi, ya rubuta cewa ana aikawa ko'ina a faɗin ƙasa. Ba laifinsa ba ne shi kaɗai, domin a gidajenmu duk abin da ka ɗauko don nishaɗi, akwai kawun da zai leƙo ya ce, "To, nawa ake samu a ciki?" Yanzu yana kwana yana duba ko wani ya yi magana, ga hawan jinin da ya gudo wa ya biyo shi har gaban allo.

Akwai kuma mai laka. Duk launin da ya gani sai ya ɗan taɓa, ba ya wanke burushi, ba ya sauya ruwan kofi. Kowane launi yana shanye wani ɓangare na haske, saboda haka in ka gauraya ja da kore da shuɗi da ruwan lemo, abin da zai rage maka ruwan ƙasa ne. An yi masa wannan bayani, ya ce ya gane, ya ci gaba da gaurayawa yana 'yar waƙarsa. Ba ya tambayar kowa ko ya yi kyau. Zanensa na farko ruwan ƙasa ne daga sama har ƙasa, ya buga ƙusa ya rataye shi a falo, ya sa masa suna Damina. Na biyu ma ruwan ƙasa ne, ya ce Rani. Na uku yana kan hanya, kuma ya riga ya sanar da iyalinsa cewa teku ne.