Batirin Kunnen Baba

A Bacirawa, sayen na'urar ji ba shi ne wahala ba, riƙon ta ne. Ƙurar hunturu ta toshe ɗan tiyon, dattin kunne ya ƙarasa. Batirin kuwa, mai lamba 13 ko 675, da an ɓare takardar bayansa ya fara ci, ko an sa ko ba a sa ba. In na'urar ta lalace, mai gyaran rediyo zai rantse ya iya gyara ta. Kada ka ba shi. Sai dai a hau Adaidaita zuwa sashen kunne na Asibitin Malam Aminu Kano.

Amma Baba ba ya gaggawa. Batirinsa yakan mutu ne daidai lokacin da Inna ta ce, "Malam, kuɗin cefane fa?" Da an ce tuwo ya sauka, sai ya farfaɗo.