Aljihun Guybrush

Ban taɓa ganin ɓarawo mai farin jini kamar Guybrush Threepwood ba. Shi ne jarumin The Secret of Monkey Island, wasan da Lucasfilm Games suka fitar a 1990. Burinsa ɗaya tak, ya zama ɗan fashin teku. Muna ta buga wasan, iyayenmu kuwa suna ta murna, wai yara na koyon kwamfuta.

Namu mu nuna abu mu danna, nasa ya sunkuce. Tukunya, kifi, tsokar nama, har da kazar roba mai 'yar taya a tsakiyarta. Duk aljihu. A kashi na biyu, na 1991, kare sukutum ya cusa cikin riga, ya wuce abinsa. Telan da ya ɗinka rigar nan ya cancanci rawani.

Faɗan takobi ma da baki ake yinsa. A yaɓa maka baƙar magana, ka rama da wadda ta fi ta zafi. Da 'yan kamashon tasha sun samu wasan, kafin azahar sun cinye shi.

In ka maƙale fa? Ka gwada kifi a ƙofa, ka gwada kaza a kifi, har dare ya raba. Yaran yanzu sai su leƙa YouTube, minti biyu sun wuce wurin. Wai su ma 'yan fashi ne.