Zuwa Ga Yallaɓai Agogon Gwanjon Taba

Yallaɓai Agogo,

Ina fata daƙiƙoƙinka na sauka yadda suka saba. Ba sai na tambayi gajiya ba, don na san ba ka yin ta. Dare da rana kana nan a kusurwar shafin gwanjon tabar sigar, da jajayen lambobinka, kana ƙirga wa bayin Allah lokacin da ya rage kafin wani ya yi musu shigar sauri. Na rubuto ne a madadinmu masu taya kaya ta intanet a nan Amurka, in sanar da kai cewa mun gano ko yaron wa kake.

Kullum nunawa kake kai ba ruwanka, ƙirga kawai aka sa ka. Ranka ya daɗe, yaron mai kaya ne kai. Za a ɗora akwati mai kara 20, naɗin hannu daga Esteli ta ƙasar Nikaraguwa, a ce tayin farko dala 1. Dala 1! Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. Mai kaya ya san ba a nan za a tsaya ba, tunda ya bar ka a wurin kana yi wa mutane bugun zuciya.

Mu da muka tashi da ciniki mun san makamin mai saye ƙafarsa ce. Ka taya, a ce albarka, ka juya ka kama hanya, ba ka yi taku biyar ba a ce dawo ka kawo kuɗi. Kai kuwa ka ƙwace mana wannan makami. A wurinka wanda ya juya baya ba mai kiransa, sai dai saƙo ya biyo shi a waya cewa wani ya ɗara shi da dala 1, ko zai ƙara? Daga nan zance ya tashi daga sayen taba ya koma kare mutunci, da wani mutum da ba ka san ko sunansa ba.

To ga abin da muka shirya maka. Kafin mu kalle ka, sai mun kalli farashin kayan a kantuna biyu ko uku. Wancan farashin da ake rubutawa a ja masa layi, wai shi ne na ainihi, mun daina ganinsa, don da wuya ka sami wanda ya taɓa biyansa. Sai mu haɗa kuɗin dako da haraji, domin tun hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 2018 jihohi ke da ikon karɓar harajin saye daga masu kanti a intanet. Mu raba jimillar da yawan karan da ke ciki. Sau da yawa a nan asirinka ke tonuwa: ƙunshin kara 5 da mutum ya ci yana murna, in an yi lissafi, ya fi na akwati tsada. Shi ya sa masu wayo kan bari abin da suka ci a mako ya taru a aiko shi a ɗauri ɗaya.

Bayan lissafi sai mu yanke iyaka, mu rubuta ta sau ɗaya a gurbin da kwamfuta ke taya wa mutum, mu rufe waya. Kuma ba ma tsayawa a kan dala 60 cif, inda kowa ke tsayawa. Mukan ce 61. Masu jiran daƙiƙar ƙarshe su yi wuf, ina yi musu fatan alheri, amma ai kai ma ka san dawar garin: a shafuka da yawa, tayi na shigowa a ƙurarren lokaci sai ka ƙara mintuna, kokawa ta dawo sabuwa.

Babbar ƙaryarka kuwa, Yallaɓai, ita ce in ka kai sifili shi ke nan an rasa. Wannan gaskiya ne a Habana, a bikin shekara-shekara na kamfanin Habanos, inda ake gwanjon akwatunan adana taba da ba su da na biyu. A 2025 an sayar da na Cohiba Behike a kan Yuro miliyan 4.6, kuɗin kuma aka ce na kiwon lafiyar mutanen Kyuba ne. Taba na ɗaukar nauyin asibiti, Allah mai iko. Amma kai, kayan da kake gadi daga sito suke fitowa, kuma sito cike yake. Akwatin da ya suɓuce yau, jibi za a ɗora ɗan'uwansa, wataƙila ya ƙare da tsakar daren Talata lokacin da 'yan gaba-dai-gaba-dai ke barci.

Masana ma sun daɗe da saninka. A 1971 wasu injiniyoyi uku na kamfanin mai na Atlantic Richfield suka lura cewa a gwanjon filayen haƙar mai, wanda ya ci yawanci shi ne wanda ya fi kowa zuzuta darajar filin, sai ya ci gwanjo ya kwana da asara. A 2020 har kyautar Nobel aka ba Paul Milgrom da Robert Wilson kan nazarin gwanjo. Ka ga ashe ba ƙaramin mutum ba ne kai.

Ka gaida mini ƙanenka, wanda shi farashi yake saukarwa a hankali har wani ya kasa haƙuri ya danna. Ya fi ka kunya, amma uwa ɗaya uba ɗaya kuke.

Akwai kuma abin da ba ka taɓa faɗa wa kowa. Kusan duk wanda ya ce zai sayar maka da tabar Kyuba a cikin Amurka, ko dai jabu ce ko ta fasa-ƙwauri, domin takunkumin da Shugaba Kennedy ya sa wa hannu a Fabrairun 1962 yana nan. Cohiba da ake sayarwa bisa doka a nan, a Jamhuriyar Dominikan aka fi naɗa ta. Shi Kennedy, kafin ya sa hannu, sai da ya aiki kakakinsa Pierre Salinger ya sayo masa kara 1,200 na H. Upmann. A tarihin cinikin taba ban san wanda ya iya shigar sauri kamarsa ba, amma shi alƙalamin tsayar da agogo a hannunsa yake.

Ba ka kuma faɗin cewa taba aba ce mai son lallashi. Tana son danshi wajen kashi 70 cikin 100 da sanyi wajen digiri 21. In ta kwana uku a motar dako cikin zafin Agusta, ƙwan ƙwaron taba na iya ƙyanƙyashewa, wata rana ka buɗe akwati ka tarar da ƙananan huji kamar an bi kowane kara da allura, ga gari baƙi-baƙi a ƙasa. In hunturu ne, ganyen Kamaru da ake lulluɓe wasu da shi, irin Don Carlos na gidan Arturo Fuente, siriri ne, bushewa kaɗan sai ya tsage. Kuma wanda ya ci akwati biyar don araha, dole ya sayi wurin ajiye su. Wannan kuɗin ba ya cikin ƙirgarka. Na likita kuwa ba ma sai na tayar da zancen ba.

Roƙona ɗaya ne. Tunda ƙirga ce sana'arka, a ƙarƙashin jajayen lambobin nan ka ƙara layi guda, ka riƙa nuna wa kowane mai tayi jimillar abin da ya kashe a wurinka tun farkon shekara. In mai gidanka ya yarda da haka, na yi alkawarin zan taya akwati na gaba har dala 62.

Ka huta lafiya, in kana hutawa.

Naka,
Wani mai tayi da ya iya lissafi